Yadda Unguwa Za Ta Bi Ta Majalisar Gunduma Ta Kare Rafinta da Itatuwan Gaɓarsa a Kumasi

Mazauna Aboabo da Sawaba da Moshie Zango sun saba da abu guda: ba a tunawa da rafin bayan gida sai ruwan Yuni ya sauko da ƙarfi, leda ta toshe bakin kwalbati, ruwa ya shiga ɗakuna, jami'an NADMO, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, su zo su rubuta sunayen waɗanda katifunsu suka jiƙe. Da ƙasa ta tsane sai maganar ta kwanta, sai kuma wata damina. An yi wannan rubutu ne domin masu unguwa da limamai da magajiyoyi da ƙungiyoyin matasa waɗanda suke son aikin da ya wuce kwashe shara ta safiya guda, wato a mayar wa rafi da gaɓarsa, a tsayar da itatuwan ƙasar nan a kanta, a bar wa tsuntsaye da ƙananan namun daji wurin fakewa, kuma a yi duk wannan ta hannun majalisar gunduma, domin ita doka ta ɗora wa nauyin tsara filaye da tsaftar muhalli.

Aikin yana da jeri, kuma jerin nan shi ne ginshiƙinsa. Ana fara warware maganar ƙasa, a bi da maganar shara da ƙazanta, dashe ya zo a ƙarshe. Yawancin yunƙurin da ake yi a unguwanninmu yana faro wa ne daga dashe, saboda shi ne ake iya tara jama'a a kansa a ɗauki hoto, sai bayan wata shida a tarar awaki sun cinye rabi, mai fili kuma ya sauke yashi da bulo a kan sauran.

Mataki na farko: ku san ruwanku da hukumar da ke kansa

Rafukan Kumasi ba ruwansu da iyakar gunduma. Rafin Aboabo yana tasowa daga arewacin gari wajen Pankrono, ya bi ta Moshie Zango da unguwar Aboabo da Anloga kafin ya haɗu da rafin Sisa. Subin ya ratsa tsakiyar gari ta Asafo cikin magudanar siminti, Wiwi kuma ya bi ta cikin jami'ar KNUST. Dukansu a kogin Oda suke ƙarewa, kuma daga Oda ne matatar Odaso take ɗibar ruwan da ake tace wa mutanen Obuasi. Rafukan arewa maso yammacin gari kuwa suna gangarawa ne madatsar Owabi, wadda aka gina a 1928, aka mayar da dajin da ke kewaye da ita mafakar namun daji a 1971, aka kuma shigar da ita jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta duniya kan kare dausayoyi, a 1988. Ita da madatsar Barekese ta kan kogin Offin su ne suke ba famfunanmu ruwa. Abin da aka zuba a kwata a kan tudu, wani ne a gangare zai sha shi ko ya biya kuɗin tace shi.

A da KMA, wato majalisar birnin Kumasi, ce take riƙe da garin baki ɗaya. A 2012 aka yanke gundumar Asokore Mampong, wadda Aboabo da Asawase da Sawaba da Akorem suke ƙarƙashinta, sannan a 2018 aka ƙaddamar da Oforikrom da Asokwa da Suame da Old Tafo da Kwadaso. Rafi guda yana iya ratsa gundumomi uku, a wani wurin ma shi ne kan iyaka, gaɓar gabas ta wannan majalisa, ta yamma ta waccan. Hanya mafi sauƙi ta sanin taku ita ce ku duba takardar harajin gida, ku ga sunan majalisar da ke kanta, ku kuma tambayi na ƙetaren rafi su duba tasu.

Akwai hukumomin ƙasa da za ku buƙata nan gaba: Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda doka mai lamba 522 ta 1996 ta kafa, kuma take da ofishin kwarin kogin Pra a nan Kumasi, Hukumar Gandun Daji da sashenta na namun daji, da Hukumar Kare Muhalli, wato EPA. Amma ƙofar shiga ita ce majalisa, kuma waɗannan hukumomin sun fi saurin amsawa idan takarda ta fito daga ofishin gunduma.

Mataki na biyu: ku zaɓi yanki guda, ku auna shi

Kada ku ɗauki rafin duka. Ku zaɓi tsawon da za ku iya zagayawa da ƙafa tsakanin la'asar da magariba, kamar daga wannan gada zuwa waccan, mita 200 ko 300 sun isa a fara. Ku samo igiya ku ƙulla mata alama a kowace mita, ku riƙe waya mai nuna wuri a taswira, ku fita mutum huɗu ko biyar, har da tsoho guda wanda ya san inda ruwa yake kaiwa tun kafin gine-gine su cika wurin. Ku zaga sau biyu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya kashegarin ruwa mai ƙarfi. A zagaye na biyu za ku ga shaidar da ba ta ƙarya: layin laka a jikin katanga, da ledojin da suka maƙale a reshe sama da kan mutum, da ciyawar da ta kwanta ta fuskanci gangare. Wannan layi shi ne ainihin faɗin rafin, ba siririn ruwan da ake tsallakewa a watan Janairu ba.

Ku rubuta abin da kuka tarar: tsofaffin itatuwan da suka rage da sunayensu, bututun da ke zubo ƙazanta daga gidaje, wuraren bola, filayen da ba a gina ba, da inda gaɓa take zaizayewa. Sannan ku gwada da ma'aunin gwamnati. Manufar tazarar bakin ruwa ta 2011 ta ba da shawarar a bar mita 10 zuwa 60 a gefen manyan kogunan da ba sa ƙafewa, mita 10 zuwa 20 a gefen ƙananan rafuka, mita 10 zuwa 15 a gefen muhimman rafukan damina, mita 30 kewaye da dausayi, da mita 60 zuwa 90 kewaye da madatsar ruwan sha. Sai dai a sani, wannan manufa ce. Haƙorinta yana fitowa ne idan majalisa ta sa ta cikin taswirar tsarin unguwa da cikin dokokin gundumarta.

A wurare irin tsakiyar Aboabo, mita goman nan an daɗe da gina ta, da ɗakunan haya da makarantun allo a kai. A ganina kuskure ne kwamitin da kuka kafa domin wannan aiki ya buɗe baki da neman rusau, domin ranar da ya yi haka ya rasa unguwar. Abin da za a fara karewa shi ne abin da ya rage a buɗe, ko da tsiri ne mai faɗin mita huɗu.

Mataki na uku: maganar ƙasa

Mafi yawan ƙasar Kumasi ta kujerun sarauta ce, ƙarƙashin Asantehene, wato sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II da sarakunan da suke riƙe masa yankuna, mu kuma mutanen zango da takardar rabon fili ko ta haya muke zaune a kai. Fadamar da kuke gani kamar ba ta da mai ita, tana da shi, kuma wataƙila an riga an sayar wa wani da ke zaune a Jamus ko Amurka yana tara kuɗin gini. Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta ɗauki sarki a matsayin mai riƙon amanar ƙasa a madadin jama'arsa, amma ba da karanta masa doka ake shiga fada ba.

Ku bi ta Sarkin Zango ko sarkin ƙabilar da ke unguwarku, domin su suka san ranar zaman fada da abin da ake riƙewa a hannu. A can ta bakin okyeame ake magana, wato mai magana da yawun sarki, kuma ya kamata dattijonku ya faɗi buƙata a gajarce: “Nana, mun zo ne a matsayin baƙinka kuma ’ya’yanka, muna roƙon kada a ƙara yanka fuloti a gaɓar nan daga gada zuwa gada, mu kuma mun ɗauki nauyin tsare ta.” Idan ya amince, ku nemi a rubuta, ko da layi biyar ne da hatimin fada. Sarauta tana canja hannu, wanda ya zo daga baya kuma takarda kawai zai gani.

Daga nan sai sashen tsara filaye na majalisa. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, ta sa majalisa ce hukumar tsara filaye a yankinta, kuma kwamitinta na tsara filaye ne yake amincewa da izinin gini. Ku nemi a nuna muku taswirar unguwarku. Idan an riga an ware gaɓar a matsayin buɗaɗɗen fili ko hanyar ruwa, rabin aikinku ya ƙare, domin duk ginin da ya hau ta ya saɓa wa tsari. Idan an yanka ta fulotai, buƙatarku ta farko ga majalisa ita ce a sake duba taswirar.

Mataki na huɗu: shigar da maganar cikin majalisa

Nan ne akasarin kwamitoci suke gajiya, saboda sun ɗauka da zarar sun gaya wa asambuliman, wato zaɓaɓɓen wakilin unguwa a majalisa, a bakin masallaci, ya ce “in sha Allahu za a duba”, magana ta shiga. Ba ta shiga ba. Majalisa da takarda take aiki, abin da ba ya cikin tsarinta da kasafinta kuwa ba ta da hanyar kashe masa ko sidi ɗaya.

Ga yadda gidan yake. Dokar mulkin gundumomi ta 2016, mai lamba 936, ita ce take tafiyar da shi. Kashi 70 cikin 100 na ’yan majalisa zaɓaɓɓu ne, ba da tutar jam'iyya ba, sauran naɗaɗɗu ne. Shugaban gunduma, wanda ake kira MCE, shugaban ƙasa ne yake gabatar da shi, majalisa ta amince da shi da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. Akwai shugaban zaman majalisa dabam, wanda kuma shi ne yake jagorantar kwamitin karɓar koke-koken jama'a. Babban zama yana yiwuwa aƙalla sau uku a shekara, amma ainihin aikin a ƙananan kwamitoci ake dafa shi, kuma biyu daga cikinsu ne suka shafe ku: na tsara ci gaba da na ayyuka. Doka ta wajabta wa asambuliman ya gana da mutanen mazaɓarsa kafin zama, ya kuma dawo musu da bayani bayansa, don haka idan kun kira shi taro ba alfarma kuka roƙa ba. Duk da haka ku karrama shi, ku ce masa “Honarabul”, ku sa ’yan kwamitin unguwa zaɓaɓɓu a gaba, saboda mutum ya fi ɗaukar maganar da zai iya cewa tasa ce.

Ku rubuta takarda shafi ɗaya ko biyu da Turanci, zuwa ga shugaban gunduma ta hannun daraktan gudanarwa, ku ba da kwafe ga shugaban zama da asambuliman da shugabannin sashen tsara filaye da na tsaftar muhalli. Ku faɗi wurin daidai, ku haɗa hotuna da zanen da kuka yi da takardar fada, ku sa hannun limami da magajiya da shugaban matasa. Buƙatu kada su wuce huɗu, kuma kowace ta zama abin da jami'i zai iya aikatawa: a zo a kafa turakun iyaka a gaɓar, a daina ba da izinin gini a cikinta, a ajiye kwantenar shara a wuri kaza, a sa dashe da kulawarsa cikin tsarin aikin shekara mai zuwa. Idan kun kai takardar ofishin rajista, ku riƙe kwafe biyu, ku tsaya sai magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan hatimi mai shuɗin tawada shi ne abin da za ku riƙa nunawa duk lokacin da aka ce ba a ga takardarku ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Majalisa tana da tsarin ci gaba na shekara huɗu, daga cikinsa ake ciro tsarin aiki na kowace shekara, kuma galibi wajen Oktoba ake amincewa da kasafin shekara mai zuwa. Takardar da ta shiga a Nuwamba ta makara da shekara guda. Ku shigar da taku tsakanin Mayu da Yuli, ku halarci taron jin ra'ayin jama'a idan an kira, ku tashi ku ambaci wurin da sunansa domin ya shiga rubutaccen bayanin taro. Kuɗin majalisa daga harajin cikin gida yake fitowa da kuma asusun bai ɗaya na gundumomi, wanda kundin tsarin mulki na 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Sau da yawa wannan kaso yana makara, saboda haka buƙatar da ba ta cin kuɗi sosai, irin turakun iyaka da hana izini, ita ta fi saurin samun biya. Asusun raya zango da aka kafa da doka a 2017 shi ma ƙofa ce da za a ƙwanƙwasa, musamman kan magudanai da tsafta.

Idan kuna son abin ya dore, ku nemi asambuliman ya gabatar da ƙudurin sa tazarar bakin ruwa cikin dokokin gunduma. Irin wannan doka sai ta bi ta majalisar daidaita ayyukan yankin Ashanti an kuma buga ta a gazet, wato jaridar gwamnati ta sanar da dokoki, kafin kotu ta yi aiki da ita. Ku tambaya ko an buga, domin dokar da ba ta shiga gazet ba, lauya zai rushe ta a zama ɗaya.

Mataki na biyar: shara da ƙazanta

Ba a hana mutum zuba shara a rafi sai an nuna masa inda zai zuba. Ku daidaita da masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, su riƙa shigowa lungu a ranaku sanannu da farashi sananne, ku kuma tabbatar inda suke kaiwa, domin akwai mai karɓar kuɗi a ƙofar gida ya juye kayan a gada ta gaba bayan isha'i. Gidajen da ba su da bayan gida su ne babbar matsala ta biyu. An yi wani shiri da tallafin Bankin Duniya wanda ya gina wa gidaje bayan gida a farashi mai rangwame a gundumomin Kumasi. Ku tambayi sashen tsaftar muhalli irin tallafin da ke akwai yanzu, ku kai musu sunayen gidajen gaɓa a fara da su.

Masu sana'a kuwa a same su a wurin aikinsu. Bakanike ya tara baƙin mai a durom ya sayar maimakon ya tuttular a kwata. Mahautan da suke babbaka da tayar mota, da masu wankin mota, da masu turken shanu a gaɓa, kowa yana da sarkin sana'arsa, kuma ta bakinsa ake samun biyayya. Jami'an duba-gari, waɗanda muke kira tankas, su zo daga baya, bayan an yi gargaɗi, kuma a fara sammaci da mai hali kafin talaka, in ba haka ba unguwa za ta ce an zo cin zali ne. Limamai suna da abin faɗa a mumbari, domin hadisi ya yi hani da yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane suke zama. Ranar tsaftar ƙasa ta Asabar ɗin farkon wata tana da amfani wajen yashe kwalbati, da sharaɗin mota ta zo ta kwashe abin da aka fitar a ranar, kafin ruwa ya mayar da shi.

Mataki na shida: dashe

Sai yanzu aka zo kan itace. Ana samun dashe daga ofisoshin Hukumar Gandun Daji, musamman lokacin gangamin dashen itatuwa na ƙasa, wanda aka fara da sunan Green Ghana a Yunin 2021, aka kuma ƙaddamar da Tree for Life a Nkawie a 2025. Sashen lambuna na majalisa yana taimakawa, cibiyar binciken daji ta FORIG da ke Fumesua kuma ita ce wurin neman shawara kan irin ƙasar nan. Ku kai buƙatarku da wuri da sunayen itatuwan da kuke so, domin wanda ya je ranar rabo abin da ya rage zai samu, galibi tik ko kasiya ko sidirela. Waɗannan baƙi ne. Suna da amfaninsu a gonar katako, amma ƙarƙashin tik ƙasa tsirara take zama, ruwa ya yi ta kwasarta, wanda shi ne ainihin abin da kuke son hanawa.

Ku kasa gaɓar gida uku. Dab da ruwa, inda ambaliya take rufewa, a sa jema a jere a kan layi, saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa, a haɗa da tukurwa da subaha, waɗanda suke son ƙafarsu cikin laka. A tsakiya a sa ofram da emire da kusia da nyamedua, masu saurin tashi su yi inuwa. A sama, kusa da gidaje, a sa masu amfanin da mutane za su tsare da kansu: kwakwar manja, da prekese na miya, da goro. Goron nan shi ya jawo kakanninmu zuwa Gwanja tun kafin a san za a yi zango a Kumasi, kuma yana son inuwa yana ƙarami, saboda haka a dasa shi bayan ofram ya ɗan tashi, ko a gefen ayaba. Manyan itatuwa irin rimi da odum da wawa da maɗacin kurmi sai inda fili yake da faɗi, nesa da katanga da wayar lantarki. Rimi a lungu mai mita huɗu rigimar shekara 20 mai zuwa ce kuka dasa.

Lokacin dashe shi ne farkon babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuni, bayan ƙasa ta sha ruwa sosai. Ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba ta cike gurbin waɗanda suka mutu ce, kuma duk abin da aka dasa a ƙarshenta sai an yi masa ban ruwa cikin hunturu. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kamu biyu, a ware baƙar ƙasar sama gefe guda, a tsince leda da kwalabe daga ciki, domin a gaɓar da ta taɓa zama bola za ku tarar da su shimfiɗe hawa-hawa. A yanka ledar dashen da reza ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, a zaunar da shi yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, a mayar da baƙar ƙasa tukuna, a danna da tafin hannu, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba. A bar kimanin mita 3 tsakanin itace da itace.

Kowane dashe sai da shinge, na gora ko na tsofaffin katakai, tsawonsa ya kai ƙirjin babba. Makonnin gabanin Layya, lokacin da raguna suke cika kowane fili, su ne mafi haɗari. Kowane itace kuma a ba shi mai shi da suna: gida kaza, makarantar Malam wane, ƙungiya kaza. Masu noman latas da kabeji da albasa mai lawashi a gaɓa kada a kore su. Suna wurin safe da yamma da bokitin ban ruwa a hannu, kuma idan aka yi yarjejeniya su ja baya kaɗan daga bakin ruwa su kula da dashen, babu mai gadin da ya kai su.

Ciyayi biyu za su dame ku. Ciyawar acamfon tana rufe ƙaramin dashe cikin makonni, a riƙa sare ta kafin ta yi fure da rani. Itacen da ake kira yok kuwa, wanda aka shigo da shi ƙasar nan a 1969, yana tohowa daga saiwa in an sare shi, sai an tumɓuke. Kada a sa wuta, kada kuma a fesa maganin ciyawa a bakin ruwa.

Mataki na bakwai: namun da za su dawo

Idan inuwa ta samu kuma ruwa ya fara washewa, kwaɗi da balbela da zalɓe da guza za su dawo da kansu, ba sai an kawo su ba. Abin da ake nema ga unguwa shi ne kame hannu. A hana yara harbin tsuntsaye da danƙo a wurin, a bar wani ɓangare da duhuwarsa ba tare da an share shi ƙal ba, a kuma bar tsohon itace mai kogo in dai ba ya barazana ga gida. Dokar kula da namun daji ta 2023, mai lamba 1115, ita ce take aiki yanzu, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, ban da gyazbi ga mai lasisi. Ɗan kunya haramun ne a kama shi ko a sayar a kowane lokaci. Ungulun da a da take cika mayanka tana cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa tun 2015, ga shi kuma masu neman sassan jikinta domin magani suna ƙara rage ta. Jemagun da suke rataye a itatuwan gidan zu na Kumasi suna baza irin itatuwa irin odum cikin dare, don haka ba abokan gaba ba ne. Wanda ya tsinci dabbar daji da rauni ya sanar da sashen namun daji, wanda shi ne yake kula da gidan zu ɗin.

Mataki na takwas: idan wani ya fara gini a cikin tazarar

Zai faru, kuma galibi ranar Asabar ko cikin dare ake sauke yashi. Kada matasa su taɓa bulo ko su yi faɗa da magina, domin wannan yana mayar da mai gaskiya mai laifi a ofishin ’yan sanda. A ɗauki hoto mai kwanan wata, a sanar da asambuliman da fada a ranar, Litinin da safe kuma a kai takarda ga sashen ayyuka, inda masu duba gine-gine suke, a nemi su tambayi izinin ginin su rubuta umarnin dakatarwa a jikinsa. Ginin da yake matakin tushe ana iya tsayar da shi da jan fenti. Wanda aka yi wa rufi aka zuba ’yan haya sai kotu da shekaru.

Idan mako biyu suka wuce ba motsi, ku kai koke ga kwamitin da shugaban zaman majalisa yake jagoranta, ku haɗa da kwafen takardarku mai hatimi. Dokar ’yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba ku damar tambaya a rubuce ko an ba da izinin gini a wurin, kuma jami'in bayanai yana da kwana 14 ya yanke shawara kan buƙatar. Idan ya tabbata an ba da izini a kan hanyar ruwa, ku rubuta wa ofishin kwarin Pra da EPA, ku kai ƙorafin rashin adalcin gudanarwa ga CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin gudanarwa, wadda ba ta karɓar kuɗi a kan koke. Duk takardun nan a ajiye su a fayil guda a hannun sakataren kwamiti, da kwafe a wurin limami, domin bayan zaɓen gundumomi na kowace shekara huɗu sabon asambuliman zai zo, kuma da wannan fayil ɗin za ku zauna da shi a makonsa na farko.